Abin da Aka Bari a Ma'ajiya: Waiwaye kan Shekarun Ƙarshe na Johnny Cash

Ranar 25 ga Nuwamba, 2003, wata biyu da 'yan kwanaki bayan mutuwar Johnny Cash, kamfanin American Recordings ya fitar da wani baƙin akwati mai faifan sidi biyar, haɗe da littafi mai shafi sama da ɗari. Sunan kundin Unearthed. Waƙoƙi 79 ne a ciki, kuma 64 daga cikinsu ba a taɓa sakin su kasuwa ba. Duk wanda ya ga lokacin da ya fito zai ɗauka neman kuɗi ne da sunan mamaci, tun da an saba ganin kamfanonin faifai suna share ma'ajiyarsu da zarar mawaƙi ya kwanta dama. Wannan ba haka ba ne. Tun Cash yana raye aka tsara shi, don cikar shekara goma da fara aikinsa da furodusa Rick Rubin, kuma shi da kansa ya zauna da marubuciya Sylvie Simmons yana ba ta labarin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Ajali ne kawai ya riga su.

Yawancin mutanen da suka san Cash na shekarun ƙarshe, ta waƙa guda suka san shi, wato Hurt, da bidiyonta na tsoho mai rawar hannu zaune gaban teburin abinci. A ganina wannan hoto, duk da ƙarfinsa, ya taƙaita mutumin. Unearthed shi ne babbar hujjar hakan, domin a cikinsa ne ake jin abin da aka ɗauka aka ajiye gefe, tare da abin da aka zaɓa aka nuna wa duniya, a akwati ɗaya.

Kafin a kai nan, sai an tuna irin tsayin da ya yi da irin faɗuwar da ta biyo baya. An haife shi a 1932 a jihar Arkansas, ya tashi yana tsinkar auduga a gonar iyayensa a Dyess. Bayan ya gama aikin sojan sama a Jamus, ya shiga kamfanin Sun na Sam Phillips a birnin Memphis a 1955, kamfanin da ya fito da Elvis Presley da Carl Perkins da Jerry Lee Lewis. A can ya yi Folsom Prison Blues da I Walk the Line. Ya koma Columbia a 1958. A watan Janairun 1968 ya shiga gidan yarin Folsom ya yi wa fursunoni wasa aka naɗa, shekara ta gaba ya maimaita a San Quentin, kuma daga 1969 zuwa 1971 yana da shirinsa na kansa a gidan talabijin na ABC. A wannan ɗan tsakanin da wuya a samu mawaƙin Amurka da ya fi shi kasuwa.

Daga nan abubuwa suka fara ja da baya a hankali. Birnin Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, ya karkata ga samari masu santsin murya da kiɗa mai ƙyalli, gidajen rediyo kuma suka daina saka tsofaffi. A 1984 Cash ya saki Chicken in Black, waƙar barkwanci da a bidiyonta aka dasa ƙwaƙwalwarsa a kan kaza. Ko masu ƙaunarsa ba sa son a tuna musu da ita. A 1986 Columbia ta sallame shi bayan shekara 28. Ya koma Mercury, ya yi musu faya-fayen da ba su je ko'ina ba. An yi masa aikin zuciya a ƙarshen 1988. Abin da ya rage masa shi ne yawon wasa, wani lokaci tare da Willie Nelson da Waylon Jennings da Kris Kristofferson a ƙungiyarsu ta Highwaymen, wani lokaci a ƙananan ɗakunan wasa inda 'yan yawon buɗe ido suke cin abinci suna jiran ya rera musu waƙoƙin ƙuruciyarsu. An girmama shi, an sa sunansa a zauren gwarazan kantiri a 1980 da na rok a 1992, amma irin girmamawar da ake yi wa wanda yayinsa ya wuce.

A irin wannan ɗakin wasa ne, a jihar Kalifoniya, Rick Rubin ya same shi a farkon 1993. Babu abin da ya haɗa su a zahiri. Rubin sa'an 'ya'yan Cash ne. An haife shi a 1963. Shi ne ya kafa kamfanin Def Jam tare da Russell Simmons yana ɗalibi a jami'ar New York, ya yi suna da gambarar zamani ta LL Cool J da Beastie Boys, sannan da rok mai tsananin ƙara na Slayer da Red Hot Chili Peppers. Mutum ne mai dogon gemu da ba a san shi da kantiri ba ko kaɗan. Tayin da ya yi wa Cash mai sauƙi ne: ka zo falona da jitarka, ka rera duk abin da kake so, ni kuma in naɗa.

Haka aka yi. Watanni Cash yana zuwa gidan Rubin a Los Angeles, wani lokaci kuma a ɗan gidan katakon Cash a Hendersonville cikin jihar Tennessee, yana zuba waƙoƙi: nasa na da, na masu haƙar kwal, na makiyaya, na coci, na kisan kai, na jirgin ƙasa. An gwada sa masa makaɗa, aka ga bai yi ba, aka koma ga murya da jita kaɗai. Ga Amurkawan 1994 wannan abin mamaki ne. Ga kunnen da ya tashi da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, babu wani sabon abu a ce mutum ɗaya da kayan kiɗa ɗaya sun cika fili. Abin da ake nema kawai shi ne maganar ta kai a saurare ta ba tare da ado ba.

Faifan farko, American Recordings, ya fito a watan Afrilun 1994, da waƙoƙi 13. Bai yi wani cinikin a zo a gani ba, na 110 ya tsaya a jadawalin Billboard, kuma rediyon kantiri ta yi kamar ba ta ji ba. Amma ya ci lambar Grammy, masu sharhi suka yi ta yabo, kuma a bazarar wannan shekara Cash ya hau dandalin bikin Glastonbury a Ingila, gaban dubban matasan da iyayensu ma yara ne lokacin da ya fara waƙa.

A nan ne faifan farko na Unearthed yake da amfani, domin daga wannan zama na falo aka ciro shi. Wanda ya jera shi da kundin 1994 zai ga hannun mai zaɓe ƙarara. Kundin da aka saki ya buɗe da Delia's Gone, labarin mutumin da ya kashe masoyiyarsa, aka yi mata bidiyo da 'yar tallar kaya Kate Moss a matsayin gawar. Akwai Thirteen, wadda Glenn Danzig ya rubuta masa, da The Beast in Me ta Nick Lowe, tsohon mijin 'yar matarsa. A bangon faifan Cash ne tsaye cikin doguwar baƙar riga da karnuka biyu a gefensa. Komai na nuna mutum mai duhu, mai fama da zunubi, mai ban tsoro. Abin da aka bari kuwa ya fi haka faɗi. Akwai Flesh and Blood, waƙar soyayya mai taushi da ya rubuta tun wajen 1970. Akwai Two Timin' Woman da Understand Your Man, inda ake jin tsokana da raha a muryarsa. Akwai No Earthly Good, inda yake yi wa masu addinin da ba ya amfanar maƙwabci shaguɓe. Har akwai wani gutsure mai suna Book Review, wanda hira ce kawai, Cash yana ba da labarin littafin da ya karanta. Mutumin da ke faifan nan mai surutu ne, mai son dariya, mai karance-karance. Rubin bai ƙirƙiri duhun ba, yana nan tun Folsom Prison Blues, sai dai shi ya ware shi ya sa a gaba, domin ya san shi ne zai ja matasan da suka tashi da kiɗan rok na Nirvana.

Faifai na biyu na zamanin Unchained ne, kundin 1996, inda Tom Petty da ƙungiyarsa ta Heartbreakers suka zama makaɗansa. Wannan shi ne lokacin da ya fi ƙarfi a duk shekarun goma. Muryar tana nan daram, kuma ya ɗauki Rusty Cage ta Soundgarden ya mayar da ita kamar tasa ce tun asali. Unchained ya ci Grammy na kundin kantiri mafi kyau a 1998 ba tare da goyon bayan Nashville ba, abin da ya sa Rubin ya sayi shafi guda a mujallar Billboard ya buga wani tsohon hoton Cash na San Quentin yana ɗaga wa kyamara yatsan zagi, da rubutun godiya ta gatse ga masu riƙe da harkar kantiri da rediyonsu. Cikin abin da aka ajiye daga wannan zamani akwai waƙoƙi biyu da Carl Perkins, abokinsa tun Memphis, wanda ya mutu a Janairun 1998. Tsofaffi biyu ne suna wasa da rok irin na samartakarsu, ba su damu da kowa ba. Akwai kuma Pocahontas ta Neil Young, wadda ke tuna wa mai sauraro cewa tun 1964 Cash ya yi kundi sukutum, Bitter Tears, kan zaluncin da aka yi wa 'yan asalin Amurka, lokacin da gidajen rediyo suka ƙi saka shi. Ɗaya daga waƙoƙin wancan kundi, wadda Peter La Farge ya rubuta kan ƙasar ƙabilar Seneca da aka nutsar da madatsar ruwa, ita ce ya sake wa baitoci ya mayar da ita ta soyayya, suka rera da matarsa June Carter. Ita ma a nan aka same ta.

Sai rashin lafiya ta shigo. A watan Oktoban 1997, a kan dandali a Flint ta jihar Michigan, jiri ya ɗebe shi, ya shaida wa jama'a cewa yana fama da ciwon jijiya. Likitoci suka fara cewa wata cuta ce mai suna Shy-Drager, daga baya suka gyara suka ce lalacewar jijiyoyi ce da ciwon sukari ya haddasa. Yawon wasa ya ƙare. Ciwon huhu ya riƙa kwantar da shi asibiti, ganinsa ya yi rauni, numfashi ya gajarta. Daga nan yadda ake ɗaukar waƙa ya canja: sai ranar da yake da ƙarfi, wani lokaci layi-layi, injiniyansa David Ferguson yana harhaɗawa. Kundi na uku, Solitary Man, ya fito a 2000, na huɗu kuma, The Man Comes Around, a Nuwamban 2002.

A na huɗun ne Hurt take. Trent Reznor na Nine Inch Nails ya rubuta ta, ya sake ta a 1994, kan saurayin da ƙwaya ta cinye. Rubin ne ya yi ta nacin kawo wa Cash ita. Mark Romanek ya ɗauki bidiyon a gidan Cash da kuma gidan tarihinsa da aka rufe, wanda ambaliya ta taɓa lalatawa, ya gauraya da hotunansa na ƙuruciya, June tana tsaye a matakala tana kallon mijinta. Ita ce ta riga shi rasuwa, ranar 15 ga Mayu, 2003. Shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba, yana da shekara 71. Da haka bidiyon ya zama tamkar wasiyya, kundin kuma ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya.

Ba na musun ingancin Hurt. Abin da nake ƙi shi ne yadda ta haɗiye sauran. Wanda ya saurari faifai na uku na Unearthed, wanda aka ciro daga waɗannan shekaru na jinya, zai ji mutumin da ake cewa yana bankwana da duniya yana rera Salty Dog da Chattanooga Sugar Babe, waƙoƙin shashanci na mutanen karkara, yana kuma musayar baiti da Nick Cave a Cindy cikin nishaɗi. Mara lafiya ne, ba shakka, ana jin hakan a kowane numfashi. Sai dai ma'aikaci ne da yake tashi kullum ya tafi aiki, kuma shi da bakinsa ya nemi Rubin ya ci gaba da ba shi abin yi bayan mutuwar June.

Abin da aka fi ambato a wannan faifai shi ne Redemption Song ta Bob Marley, wadda suka rera da Joe Strummer, jagoran ƙungiyar The Clash. Strummer ya riƙa zuwa gidan Rubin ne kawai don ya zauna ya kalli Cash yana aiki, har aka ce ya shigo. Ya mutu kwatsam a Disambar 2002 yana da shekara 50, don haka ranar da waƙar ta fito babu ɗayansu a raye. Cash ba baƙon Jamaika, ƙasar Marley, ba ne, yana da gida a Cinnamon Hill kusa da Montego Bay inda ya daɗe yana zuwa hutu. Ko da haka, muryoyin biyu ba su zauna da juna sosai ba, kuma darajar waƙar ta fi yawa a tarihinta fiye da a kunne. Akwai ma waɗanda suka fi ta rauni. Father and Son da Fiona Apple ba ta kai ba, kuma He Stopped Loving Her Today ta nuna cewa akwai waƙar da ba a karɓe ta daga hannun George Jones. Kyawun kundin tarawa irin wannan ke nan: yana nuna cewa dabarar ba kullum take ci ba. An ce sun gwada har Addicted to Love ta Robert Palmer, ita kam ko a akwatin ba a yarda ta shiga ba.

Faifai na huɗu daban yake da sauran, domin ba tarkace ba ne, kundi ne cikakke da bai samu fita ba. Sunansa My Mother's Hymn Book: waƙoƙin coci 15 daga tsohon littafin da mahaifiyarsa Carrie take rerawa a ciki, murya da jita kawai. Ita ta mutu a 1991. Tarihin wannan buri ya kai shekara kusan hamsin. Da waƙoƙin addini ya fara zuwa wurin Sam Phillips a Memphis, Phillips ya ce ba za su sayu ba, kuma ɗaya daga dalilan komawarsa Columbia shi ne alƙawarin za a bar shi ya yi su. Ya yi kundayen addini da dama a tsawon rayuwarsa, amma yawancinsu cike suke da 'yan amshi da goge. A nan babu kowa. Cash ya ce cikin duk faya-fayensa wannan ya fi so, kuma an sake shi shi kaɗai a 2004. Mai sauraro ba sai ya bi addininsa ba kafin ya gane cewa wannan shi ne tushen muryar. Waƙoƙin gonar auduga ne da gidan makoki, waɗanda aka rera lokacin da yayansa Jack ya mutu a haɗarin injin yankan katako a 1944, Cash yana ɗan shekara 12. Wanda bai ji wannan faifai ba zai ɗauka tsoron mutuwa ne yake magana a kundayen ƙarshe, alhali mutumin ya gama shirinsa da ita tun yana yaro.

Sai na biyar, zaɓaɓɓun waƙoƙi 15 daga kundaye huɗu da aka riga aka saki. Shi ne mafi daɗin saurare kuma shi ne mafi ƙarancin gaskiya. Kusan dukkansa waƙoƙin wasu ne: Leonard Cohen, Beck, Soundgarden, Tom Petty, Nick Cave, Neil Diamond, U2, Sting, Nine Inch Nails. In aka cire Delia's Gone, wadda tsohon labari ne na gargajiya da ya yi wa kwaskwarima, The Man Comes Around ce kaɗai ya rubuta daga tushe, ita ma ta ɗauke shi watanni yana tonon Littafin Wahayi na Baibul. Mutumin da ya rubuta I Walk the Line da Big River ya koma, a idon sababbin masoyansa, tsohon da ya iya rera waƙar yara fiye da su. An bar Drive On, wadda ya rubuta kan sojojin da suka dawo daga Biyetnam, an bar Like a Soldier, an bar Meet Me in Heaven. Ko Give My Love to Rose, tasa ta 1957 da ya sake rerawa har ta ci masa Grammy a 2003, ba ta samu gurbi ba.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa Rubin laifin da ba nasa ba. Masu cewa ya mayar da tsufa da ciwo haja suna mantawa da inda ya tarar da Cash. Babu wani a Nashville da ya yi masa tayin da ya fi wannan, kuma Cash ba yaro ba ne da za a juya; waƙoƙi da yawa ya ƙi su, waɗanda ya karɓa kuma sai da ya zauna da su har suka zama maganarsa. A nan Nijeriya, inda kaset ɗin Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton suka cika shaguna da motoci shekara da shekaru, Cash bai taɓa samun irin wannan karɓuwa ba, kuma matasan da suka san shi yanzu yawanci ta hanyar Rubin ne, ko ta fim ɗin Walk the Line na 2005. Haka abin yake a ƙasashe da yawa.

Abin da ya biyo baya ya zama salo. Jack White ya yi wa Loretta Lynn kundin Van Lear Rose a 2004, Rubin ya maimaita dabarar da Neil Diamond a 2005, Glen Campbell ya rera waƙoƙin matasa a 2008, Tom Jones da Gil Scott-Heron da Mavis Staples duk suka samu furodusoshi masu ƙarancin shekaru a 2010. Wasu sun yi kyau ƙwarai, wasu kwaikwayo ne tsagwaronsa. Daga ragowar abin da Cash ya ɗauka a watanninsa na ƙarshe aka haɗa kundi na biyar, A Hundred Highways, wanda ya hau na ɗaya a Billboard a Yulin 2006, karo na farko tun San Quentin a 1969. A cikinsa ne waƙar ƙarshe da ya rubuta take, Like the 309, inda yake yi wa akwatin gawarsa da ciwon asmarsa ba'a. Na shida, Ain't No Grave, ya zo a 2010.

Ma'ajiyar ba ta ƙare a nan ba. Ɗansa John Carter Cash ya tono wasu waƙoƙi da aka ɗauka a 1981 da 1984 Columbia ta jingine su, aka fitar da su a 2014 da sunan Out Among the Stars, ƙarƙashin inuwar kamfanin da ya sallame shi, kuma suka kai na uku a jadawali. A watan Yunin 2024 kuma aka saki Songwriter, waƙoƙi 11 duk rubutunsa, waɗanda ya ɗauka don gwaji a wani situdiyon Nashville a farkon 1993, lokacin ba shi da kamfani ko ɗaya. Bayan ya haɗu da Rubin aka ajiye su, in ban da Drive On da Like a Soldier da aka sake ɗauka a falo. Kamfanin da ya fitar da kundin shi ne Mercury.